Yadda Ake Leƙa Cikin Inji, Silin da Bututu da Kyamarar Leƙe

Mota ta fara shan ruwa, kullum da safe sai an ƙara wa lagireto, amma an duba ƙarƙashinta ba a ga ɗigo ba. Ko kuma ruwan Agusta ya kankama a Zariya, silin ɗin falo ya yi tabo, mai gida yana shawarar a ɓalle shi a nemo inda kwano yake yoyo. A irin wannan hali galibi da zato ake aiki: a sauke top silinda, wato ɓangaren saman inji, a fasa tayil, a haƙe tsakar gida, daga baya a tarar ba nan ciwon yake ba. Kyamarar leƙe, wadda 'yan kasuwa suke kira endoskop ko boroskop, ita ce maganin wannan ɓarna. 'Yar kyamara ce mai kaurin biro, kewaye da ƙananan fitilu shida ko takwas, a bakin doguwar igiya, tana aika hoto zuwa wayar hannu ko zuwa allonta. Kayan ba wuya. Wuyar tana wajen zaɓen wadda za ta shiga ramin, da kuma gane abin da ido ya gani.

Wadda ta dace da aikinka

Kafin ka tambayi kyawun hoto, tambayi kaurin kan kyamarar. Girman da aka fi samu shi ne milimita 3.9, 5.5, 7 da 8. Ramin filogi na milimita 14, irin na Corolla ta 2003 zuwa 2008, faɗin cikinsa kusan 12.5 ne, don haka kai mai 8 zai wuce a sake. Corolla ta 2009 zuwa sama mai injin 2ZR filoginta na milimita 12 ne, ramin ya ragu zuwa kusan 10.5. Babura da yawa masu ƙaramin inji filoginsu na milimita 10 ne, cikin ramin bai wuce 9 ba, kuma a nan kai mai 8 ba shi da wurin juyawa, in ma ya shiga. Injin dizil ya fi duka matsi, domin ta ramin filogin ɗumama inji ko na nozul mai fesa mai ake bi, shi kuwa sai mai 3.9. Bakanike da yake taɓa mota da babur da janareta, mai 5.5 ce tasa. Mai aikin famfo ko silin ya ɗauki mai 8, fitilunta sun fi ƙarfi.

Igiyar iri biyu ce. Akwai mai laushi kamar igiyar caja, akwai mai tauri wadda in ka lanƙwasa ta take tsayawa yadda ka bar ta. Mai taurin za ka saya. Mai laushi tana shiga rami sai ta kwanta, ba ka da ikon nuna mata gabas ko yamma. Tsawon mita 1 zuwa 2 ya ishi aikin mota, kuma doguwa a gareji wahala ce kawai, tana jan ƙasa da baƙin mai. Aikin gida yana son mita 5. Ana sayar da mai mita 10, amma tura ta da hannu bayan mita huɗu ko biyar ba ya yiwuwa sai an ɗaura ta a jikin wani abu mai ƙarfi.

Sai maganar inda hoton zai fito. Mafi araha ita ce wadda ake cusa wa wayar Android, amma dole wayar ta kasance mai OTG, wato mai iya karɓar wata na'ura ta ramin cajinta, kuma a wasu wayoyin, har da Tecno da Infinix da yawa, sai an shiga saiti an kunna shi da hannu. Mutane da dama sun mayar da kyamara lafiyayya suna cewa matacciya ce saboda wannan. Akwai mai haɗawa ta WiFi, wadda take aiki da iPhone ma, sai dai hotonta yakan ɗan makara, ka motsa hannu sannan allo ya biyo. Mai allonta na inci 4.3 ko 5 ta fi tsada, amma ita ce ta sana'a: ba manhaja, ba kira ya katse maka aiki, wayarka kuma ba ta sha maiƙo.

In kuɗinka ya kai, nemi mai ido biyu, ɗaya a gaba ɗaya a gefe. Mai ido ɗaya tana zuwa da ɗan madubi da ake maƙalawa don ganin gefe, kuma madubin nan shi ne babban haɗarin wannan aiki, za mu dawo kansa. Lambar da aka rubuta a kwali ta yawan fiksel kada ta ruɗe ka. Gwada ta a kanti. Ɗora ta kan rubutun takardar kuɗi, ka matso ka ja baya. Yawancinsu suna gani tar ne tsakanin santimita 3 zuwa 10, kusa da haka ko nesa da haka hoto ya dushe. Ka san wannan tazarar tun a kanti, ita za ka riƙa nema a cikin duhu. Alamar IP67 kuma ma'anarta kan da igiyar za su jure nutsewar mita 1 na minti 30. Allon da mariƙin ba sa cikin wannan alkawari.

Shiri na minti biyar

Ɗauki baƙin salatif na masu aikin wuta ka yi wa igiyar zobe a kowane santimita 50, farawa daga mita ɗaya zuwa baya. Da su za ka san nisan da ka shiga. Sannan ka kunna, ka juya igiyar har hoto ya miƙe daidai, ka ja layi da maka a saman igiyar kusa da hannunka. A cikin rami ba sama ba ƙasa, wannan layin ne zai gaya maka inda ka dosa. Kada ka naɗa salatif kusa da kan in inji za ka shiga, zai iya saɓulewa ya zauna a ciki.

Leƙa silinda

Bar inji ya huce har ka iya ɗora tafin hannu a kansa ka daɗe. Inji mai aiki ruwansa yana kai kusan digiri 90, cikin silinda ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma gam ɗin da ya riƙe idon kyamara ba ya jure wannan. Cire filogi daga top na alminiyam yana da zafi ma yakan cinye tiredi. Motar da ta kwana ita ce ta fi.

Sa giya a firi, ko a P in otomatik ce, ka ja birkin hannu. Zare makulli ka sa a aljihunka, ba a kan kujera ba, domin a gareji yara suna da yawa kuma wani zai iya murza shi kyamara tana ciki. In motar mai maɓallin tayarwa ce, cire kan batir na nagatif da sifana lamba 10.

Cire kwil ko wayoyin filogi, ka jera su bi da bi. Kafin ka kwance filogi, hura rijiyarsa da iskar kwamfireso, ko ta mai faci ce. Ƙurar hunturu tana taruwa a nan, kuma duk abin da ka bari zai faɗa silinda da zarar filogi ya fita. In ka tarar da baƙin mai kwance a rijiyar, robar murfin top ce take yoyo. Tsane shi da tsumma tukuna, in ba haka ba zai gangara kan fistin ya sa ka yi wa inji ƙazafi. Kwance filogin da soket lamba 16, ko 14 a sababbin injuna, ka cire duka don inji ya yi sauƙin juyawa. Jera su a kwali da lambobinsu, su ma shaidu ne.

Yanzu kana son fistin ya sauka ƙasa don bangon silinda ya bayyana. A inji mai silinda huɗu a jere, na 1 da na 4 tare suke tafiya, na 2 da na 3 tare. Sa soket a notin fulin karanshaf, wato babban fulin da yake ƙasan gaban inji, ka juya da hannu ta inda inji yake juyawa, wato ta hannun agogo a yawancin motoci in kana fuskantar fulin. Tsofaffin Honda masu silinda huɗu, irin Accord ta kafin 2003, akasin haka suke juyawa. Zura tsaftataccen sanda siriri mai tsawo a ramin na 1 ka ga lokacin da ya gama sauka. Duba 1 da 4, ka zare kyamara, ka juya rabin zagaye, ka duba 2 da 3. A kiyaye wannan da kyau: ba a juya inji kyamara tana ciki. Fistin zai matse kan da rufin silinda ya farfasa shi, ka koma sauke top ɗin da kake gudun saukewa.

Zura kan a hankali, fitila a rabin ƙarfi. Ƙarfe mai sheƙi yana mayar da haske, in ka ƙure fitila fari fat za ka gani. Fara da saman fistin daga tazarar yatsu uku, ka ɗauki hoto. Sannan ka koma idon gefe, ka juya igiyar zagaye guda a tsakiyar silinda, ka ja sama kaɗan, ka sake zagaye, har ka kai inda top ya haɗu da bulok. In hoto ya yi hazo da shigarka, kamar yadda yakan faru da sanyin safiyar Janairu, raɓa ce ta kwanta a idon. Fito da shi ka goge, ka riƙe a tafin hannu ya ɗumama.

Maganar madubi. Wanda ake ɗaurawa da tiredi da sauƙi, amma mai maƙalewa da 'yar roba yakan kama bakin ramin filogi wajen fitowa ya faɗa ciki. Na roba maganaɗisu ba ya kama shi. In ba makawa sai ka yi amfani da shi, ja shi da ƙarfi da yatsa a waje tukuna. In ya motsa ko kaɗan, kada ya shiga. In kuwa ya faɗa, kada a tayar da inji ko sau ɗaya. Haɗa siririn tiyo da injin zuƙar ƙura ka zuƙo shi, ko ka shafa giris a bakin waya mai laushi ka manno shi, kana kallo da kyamarar.

Abin da hoton yake faɗa

Kuskuren sabon shiga shi ne tsorata da duk abin da ya gani, domin kyamara tana kumbura abu, ƙwayar yashi ta zama dutse. Maganinsa kwatantawa: silinda huɗu ne, wanda ya fita daban shi ne abin tuhuma.

Bango mai lafiya yana da siraran layuka masu giciye da juna kamar saƙar tabarma. Daga masana'anta aka yi su don su riƙe mai. In sun shafe bangon ya zama sumul kamar madubi, silinda ya ci, kuma irin wannan inji yakan sha baƙin mai. Layuka masu tafiya daga sama zuwa ƙasa su ne karce. 'Yan sirara marasa zurfi ana samunsu a kusan kowace tsohuwar mota. Masu faɗi, masu inuwa in haske ya bugo su ta gefe, sun nuna yashi ya shiga ta yagaggen filtar iska, ko ringi ya karye, ko inji ya taɓa yin obahitin har fistin ya kama bango. A garin da ƙura take tashi wata uku zuwa huɗu a shekara, filtar da ba ta zauna daidai a gidanta ba ta ishi inji.

Saman fistin kuma busasshen baƙin gawayi maras kauri shi ne daidai. Gawayi mai jiƙe da ƙyalli mai ne yake hawowa ta ringi ko yake sauka ta robar bawul. Amma abin da ya fi yaudara shi ne fistin mai tsabta. In uku baƙi ne ɗaya ya yi fes kamar sabo, kada ka yi murna, tururin ruwa ne ya wanke shi, wato gaskit ya ƙone ko top ya tsage. Nozul mai zubar da fetur ma yakan wanke fistin, sai dai za ka ji warin fetur a filogin. Don raba gardama, ɗaura famfon gwajin lagireto, ka buga iska zuwa lambar da take kan murfin, galibi 0.9 ko 1.1, kada ka wuce. Jira minti goma zuwa goma sha biyar, sannan ka kalli layin da top ya haɗu da bulok. Ɗigo ko da guda ne ya gama magana.

Tabo mai siffar jinjirin wata a kan fistin sawun bawul ne, taimin ya taɓa tsallakewa sun yi karo. Kada ka rikita shi da gurbin da masana'anta ta yanka wa bawul, wanda yake sumul kuma iri ɗaya a duka silindojin. Gefen fistin da ya zaizaye kamar an yayyafa masa yashi alamar ƙwanƙwasar inji ce, daga gurɓataccen fetur ko zafi. Jan tsatsa a bango na nufin ruwa ya kwana a ciki, abin lura sosai ga mai sayen motar da ba a san tarihinta ba.

Akwai abin da kyamara ba ta gani. Ba ta ganin ringi, ba ta ganin metal ɗin karanshaf, ba ta auna ƙarfin matsi. In hoto ya yi kyau amma mota ba ƙarfi, sa geji ka auna matsin kowane silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 tsakaninsu abin bincike ne.

Wajen mayar da filogi, fara ɗaurawa da hannu zagaye uku ko huɗu kafin sifana. A top na alminiyam, filogin milimita 14 yana son Nm 25 zuwa 30, na 12 yana son 15 zuwa 20, na 10 kuma 10 zuwa 12.

Sauran lungunan mota

Mai sayen mota ta hannu ya nemi izinin mai ita a cire sensar iska ta gaban katalis, wato matatar hayaƙin da take jikin salansa, da sifana lamba 22, a leƙa cikin katalis ɗin, abin da makanikai suke kira indomi. Lafiyayye ramukansa a jere suke kamar saƙar zuma. Narkakke ko toshasshe yana shaƙe mota a kan hawa, wani kuma za ka tarar an kwashe shi kaf an bar fanko. Motocin da suka fito daga yankunan ƙanƙara na Amurka da Kanada, inda ake zuba gishiri a titi, sukan ci tsatsa daga ciki. Zura kyamara ta ramukan da suke ƙarƙashin dokin ƙofa da jikin shasi. Notin da ya faɗa bayan inji kuwa, 'yar maganaɗisun da take zuwa a kwalin za ta ɗauko shi in ƙarami ne.

Tankin fetur haramun ne ga wannan kaya, ko da babu mai a ciki, domin wofintaccen tanki cike yake da tururi. Kyamarorin kasuwa ba a yi su don wurin da zai iya kamawa da wuta ba.

Silin da rufi

Nemi ramin da yake akwai tukuna: gurbin ƙwan fitila, ƙugiyar fanka, ko ƙofar hawa silin. Kashe wuta daga babban suwic, kuma ka tuna gidajen yanzu hanyar wutarsu ba ɗaya ba ce. An ɗauke NEPA ba ya nufin waya ta mutu, inbata ko janareta na iya riƙe da ita, kan kyamara kuwa ƙarfe ne. Gwada da testa. In dole a huda, bakin diril na milimita 10 ya ishi kai mai 8, a kusurwar da ido ba ya zuwa. POP da silin roba suna huduwa lafiya. Tsofaffin fale-falen asbestos da suke gidajen da aka gina shekaru da dama, irin na tsofaffin kwatas, kada a huda su, ƙurarsu tana illata huhu.

Fitilun kyamara ba su iya haska sararin rufi, an yi su ne don matsattsen wuri. Sa tocila mai ƙarfi ta wani ramin. Don neman yoyo kuma akwai dabara mafi sauƙi: da tsakar rana, kashe fitilun gaba ɗaya ka kalli ƙasan kwano. Duk hujin ƙusa zai fito kamar tauraro. In ana ruwa ka samu dama, ka bi ɗigon zuwa sama, domin ruwa yakan bi jikin katako ya yi tafiyar mita ɗaya ko biyu kafin ya sauka, shi ya sa faci a saitin tabon yakan tashi a banza. Kana ciki ka duba katakon: hanyar jar ƙasa manne a jikinsa aikin gara ce. Ka duba wayoyi ko ɓera ya gwaguye robarsu, tagulla tana ƙyalli. Kuma duk ramin da za a sa hannu, a rufi ne ko a tsohuwar katanga, kyamara ta riga hannu shiga, saboda rina da kunama da maciji.

Kwandit, wato bututun da wayar wuta take bi a cikin bango, na milimita 20 da waya ta ƙi wucewa, mai 5.5 ce za ta shiga. Yawanci siminti ne ya zubo ta mahaɗa lokacin filasta, ko bututun ya lotse a kwana. Ƙirga zoben salatif, ka auna a bango, ka fasa daidai wurin.

Bututun ruwan datti

A bututun sinki na inci 2 kada ka bi ta lanƙwasar da take ƙarƙashin sinkin, kwance ta ka shiga ta bayanta. A na bayan gida mai inci 4, shiga ta cemba, wato ramin nan mai murfi da ake bari don duba bututu. Matsalar babban bututu ita ce kan yakan kwanta a ƙasa yana noman laka, ba ka ganin komai. Huda tsakiyar murfin gorar ruwa ka zura kan ya leƙo kaɗan, ka naɗe da salatif sosai, ko ka ɗaura robobin ɗaure waya guda uku su buɗe kamar ƙafafun murhu. Don nisa, ɗaure igiyar a jikin wayar jan kebul ta masu aikin wuta, ka bar santimita 5 na kan a gaba.

Zuba bokitin ruwa mai tsabta kafin ka shiga, ka bar famfo yana ɗan tsiyaya; inda ruwa yake bi a hoton nan ne ƙasa. Farin abu mai kauri a bango daskararren maiƙo ne da sabulu. Zare-zare da suka leƙo ta mahaɗa saiwar dogon yaro ce ko mangwaron tsakar gida, kuma ko an yanke ta za ta dawo sai an gyara mahaɗar. In kyamara ta nutse a ruwa ta sake fitowa bayan taku ɗaya ko biyu, bututun ya yi ciki ne saboda ƙasar da take ƙarƙashinsa ta zauna, kuma wannan ba ya gyaruwa da zura sanda, sai an haƙa an daidaita gangarensa. A kwana mai kusurwa kada ka tilasta. Juya igiyar kana turawa a hankali, in ta ƙi sau uku ka nemi wata cembar. Ramin sokawe kuma daga sama ake leƙa shi, mutum ba ya sa kansa ciki, iskar da take taruwa a nan tana sumar da mutum nan take.

Bayan an gama

Goge kan da tsumma mai laushi da ɗan sifirit. Fetur da tina suna dusar da idon roba har abada. Igiyar da ta shiga bututun bayan gida a wanke ta da ruwan sabulu da ɗan bilic, kuma kada ta sake kusantar tankin ruwan sha. Ba a kuma sa wannan kaya a kunne ko hancin yaro don neman abin da ya cusa, wannan aikin asibiti ne. Naɗe igiyar da faɗin faranti, kada ka karya ta kusa da kan, nan ne wayoyin ciki suke fara tsinkewa. Mai batir kada ta yini a rufaffiyar mota cikin zafin Maris da Afrilu.

In aikin kwastoma ne, ɗauki bidiyo kana faɗin lambar silinda ko yawan mitocin da ka shiga da bakinka, in na'urar tana ɗaukar murya. In ba ta ɗauka, rubuta lambar a takarda ka nuna wa kyamara kafin kowace shiga. Tura masa ta WhatsApp kafin a yi maganar kuɗin gyara, ka ajiye kwafi da lambar motar da kwanan wata, don in ta dawo bayan wata shida ka ga ko karcen ya ƙaru.